Murya Biyu a Faifai Ɗaya: Abin da Ke Raya Waƙar Abokai da Abin da Ke Kashe Ta

Duk wanda ya zauna ya lissafa manyan mawaƙan ƙasar Hausa zai tarar sunaye ne ɗaiɗai: Narambaɗa, Ɗanƙwairo, Shata, Ɗan Anace, Barmani Coge, Ɗanmaraya Jos, Haruna Uji, har zuwa su Aminu Ala da Nura M. Inuwa da Ali Jita na wannan zamani. Da wuya ka ji an jera sunaye biyu ana nufin abu guda, wato mutum biyu da suka yi tarayya a waƙa kafaɗa da kafaɗa, babu ubangida babu yaro, har suka shekara goma ko ashirin a haka. Abin da mamaki ga al'ummar da ta ɗauki abota da nauyi irin tamu, inda ba a bikin aure sai da babban abokin ango da babbar ƙawar amarya, inda aminin uba kan tsaya wa marayu kamar shi ya haife su. Abokai muna da su, masu murya ma ba su yi mana kaɗan ba. Hujjar da nake son kafawa ita ce, hanyar da abin duniya ke bi ya shigo hannun mawaƙi ita ta hana mu irin wannan tarayya. Tunda kuwa hanyar ta fara sauyawa, samarin da ke rera waƙa bibbiyu a Gaya da Ajingi da Wudil suna da damar da iyayensu ba su samu ba, muddin sun gane cewa abota tana haifar da faifan farko, amma ita kaɗai ba ta kai mutane ga na biyu.

Misali mafi kusa da mu na abokai biyu da faifansu na farko ya zama tarihi yana Kwaddebuwa, ƙasar da fatakenmu suka daɗe da sani. A shekarar 1985 wasu samari biyu a birnin Abijan, Jess Sah Bi da Peter One, suka fitar da faifai mai suna Our Garden Needs Its Flowers. Salon da suka ɗauka shi ne kiɗan kantiri, wato waƙoƙin mutanen karkarar Amurka da ake yi da jita cikin natsuwa, irin na su Don Williams da Jim Reeves da Dolly Parton, waɗanda gidajen rediyon Najeriya ma suka sha sakawa har masu manyan shekaru a nan suka saba da su. Sai dai ba kwaikwayo zalla suka yi ba. Sun rera da harshen Guro na gidansu, da Faransanci, da Turanci, kuma maganar da ke cikin waƙoƙin ta Afirka ce: zaman lafiya, haɗin kai, da ƙin mulkin wariyar launin fata da ake yi a Afirka ta Kudu a lokacin. Faifan ya karɓu ƙwarai, ya fitar da su daga ɗakunan ɗalibai zuwa manyan filayen wasa a ƙasarsu da maƙwabtanta irin su Burkina Faso da Togo da Benin.

Wanda ya saurari faifan da kunnen Bahaushe zai lura da abin da ba mu saba da shi ba. A wurinmu jagora ne ke bayarwa 'yan amshi su karɓa, murya ɗaya a gaba sauran a baya. Su kuwa muryoyin biyu tare suke tafiya a kan baiti ɗaya, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, har mai sauraro ya kasa cewa ga mai waƙar ga mai taya shi. Irin wannan haɗin ba ya samuwa sai kowa ya rage wani abu daga muryarsa don ta ɗan'uwansa ta fito, ya san inda abokin zai ja numfashi, ya san inda yake yawan karkacewa ya tare masa. Kafin a kai nan sai an yi watanni ana maimaita baiti ɗaya ba tare da an ga ko sisi ba, kuma babu mai biyan wannan wahala sai abota. Shi ya sa faifan farko na abokai biyu yakan zo da wani armashi da ba a cika samu a na baya ba: an yi shi ne a lokacin da babu abin rabawa, babu wanda jama'a suka fi so, babu mai zuga ɗaya a kan ɗaya. Duk abin da suke da shi na lokaci da basira cikin tukunya ɗaya suka zuba.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi koyarwa. Shugaban Kwaddebuwa Houphouët-Boigny ya rasu a watan Disamba na 1993, a watan Janairu na 1994 aka karya darajar kuɗin sefa da rabi, siyasar ƙasar ta ɗauki zafi, kasuwar waƙa ta shiga wani hali. Peter One ya tafi Amurka a 1995, ya koma aikin jinya ya shekara da shekaru yana yi, daga baya ya zauna a Nashville, cibiyar kiɗan kantiri, ba tare da yawancin maƙwabtansa sun san ya taɓa cika filin wasa da jama'a ba. Sai a 2018, shekara 33 bayan fitowarsa ta farko, kamfanin Awesome Tapes From Africa ya sake fitar da faifan, duniya ta waiwayo, abokan biyu suka sake hawa dandamali tare. A 2023 Peter One ya fitar da nasa faifan, Come Back to Me, ya kuma rera a Grand Ole Opry, dandalin da mawaƙan kantiri suka fi girmamawa. Darasin a nan shi ne tarayyar ta tsaya da ƙafarta ne lokacin da akwai kaset da ake saye da tikitin da ake yanka, wato kuɗin da za a iya ƙirgawa a raba, ta kuma tsaya cik lokacin da kasuwar ta karye. Abotar ta kai su ga faifan, amma kasuwa ce ta yanke tsawon tafiyar.

In muka dawo gida da wannan ma'auni, za mu ga tsarin kiɗan Hausa na gargajiya bai bar wa mutum biyu kujera ɗaya ba. Ƙungiyar makaɗa gida ce mai maigida: akwai uban kiɗi, akwai daudunsa, akwai makaɗa, akwai 'yan amshi, akwai sanƙira mai fassara maganar waƙa da shelar kyauta. Musa Ɗanƙwairo ya taso ne a ƙungiyar mahaifinsa Usman Ɗankwanda, da ragama ta koma hannun yayansa Abdu Kurna sai ya zama daudun kiɗi, wato na biyu a gidan. Da basirarsa ta kai inda ta kai, hanyar da ta buɗe masa ita ce ya ja tasa ƙungiyar, domin tsarin bai san a ce Kurna da Ɗanƙwairo daidai suke a kan waƙa ɗaya ba. Mamman Shata ya yi waƙa fiye da shekara hamsin kafin rasuwarsa a 1999, kuma duk wanda ya san waƙoƙinsa ya san rabin daɗinsu daga kalangu da amshi yake fitowa, amma mutum nawa ne a yau za su iya kawo sunayen masu yi masa amshin? Wanda kuma bai son zama ƙarƙashin wani sai ya zaɓi kaɗaici, kamar Ɗanmaraya Jos da kuntiginsa ko Haruna Uji da gurminsa. Ko dai ka zama maigida, ko yaron gida, ko ka tafi kai kaɗai.

Dalilin wannan tsari ba girman kai ba ne, tattalin arziki ne. Mawaƙin Hausa bai rayu da sayar da waƙa ba, da kyauta ya rayu. Sarki ko attajiri ba ya sayen waƙa, yakan ji daɗi ne ya yi alheri: doki, babbar riga, mota, kujerar Makka, wani lokaci har gida. Kyauta kuwa suna take bi. Sanƙira ya tashi ya ce wane ya ba wane kaza, daga baya uban kiɗi ya zauna ya fitar wa yaransa abin da ya ga ya dace. Doki ba ya rabuwa biyu, kujerar Makka mutum ɗaya ke hawanta, mota da sunan mutum ɗaya ake yin takardunta. Mai bayarwa ma ya fi son ya san wa ya yi wa alheri, domin shi zai ambace shi a waƙa ta gaba. Waƙar siyasa ta gaji wannan tsari kacokan. A kakar zaɓen 2015 an ji muryoyin Dauda Kahutu Rarara da Baban Chinedu tare a waƙoƙin da suka karaɗe Arewa, amma ba a daɗe ana kiran sunayen biyu a jere ba, kowa ya kama hanyarsa. Ba sai an nemi mai laifi a irin wannan ba. Kasuwar da ke biyan mutum da abin da ba ya rabuwa, komai daren daɗewa sai ta tsayar da suna ɗaya a gaba.

Abin da ke ƙarfafa wannan fahimta shi ne, a duk inda abin da ake samu ƙanana ne masu rabuwa, Hausawa sun daɗe suna waƙa bibbiyu. 'Yan gambara sukan zaga kasuwa su biyu, wannan ya jefa magana wancan ya cafe ya ƙara mata gishiri, ba a san wanda ya fi wani iya baki ba, da yamma su zazzage aljihu su raba abin da aka samu. Makafi masu waƙoƙin wa'azi sukan tafi su biyu, ɗaya ya ja baiti ɗaya ya ɗauka, sadakar da aka miƙa kuma ta su biyu ce. Mata biyu a kan turmi ɗaya suna lugude suna waƙar daka, babu ma kuɗi a tsakani balle a yi jayayya. Da finafinan Kano suka bunƙasa bayan Turmin Danya na 1990, musamman daga ƙarshen shekarun 1990 lokacin da waƙar soyayya ta zama ginshiƙin fim, muryar namiji da ta mace a waƙa ɗaya ta zama ruwan dare, aka san su Fati Nijar 'yar Maraɗi da Maryam A. Baba ta wannan hanya. Amma wannan aikin jinga ne: furodusa ya biya, mawaƙi ya ɗora muryarsa, mawaƙiya ta zo ta ɗora tata, wani lokaci ba a rana ɗaya ba, kowa ya karɓi nasa ya tafi. Murya biyu ce, sai dai ba tarayya ba ce. Kunnen Bahaushe dai ya san daɗin murya biyu tun fil azal, abin da ya rasa shi ne hanyar da mutum biyu za su mallaki waƙa tare su ci moriyarta tare.

Wannan hanyar ce ta fara samuwa yanzu. Kuɗin da ake biyan mawaƙi don ya zo biki ciniki ne da ake yankewa tun kafin ranar, kuɗin da YouTube ko Audiomack ke biya lissafi ne da ake gani a rubuce, kuma dukkansu suna rabuwa biyu ba tare da an yanka doki ba. Mu ɗauki samari biyu daga wani ƙauye a Ajingi, ɗaya yana da baiwar tsara baiti ɗaya yana da murya. Bayan kaka wannan ya sayar da buhun wake, wancan ya fasa asusun gyaran waya, suka hau mota ta bi da su ta Gaya da Wudil zuwa wani situdiyo a titin gidan Zoo a Kano. Mai kiɗa ya kunna janareta, ya haɗa musu kiɗa a kwamfuta, suka shiga ɗan ɗakin da aka liƙe da soso suka rera. Da aka gama sai ya juyo ya ce, "To malamai, sunan wa zan sa?" Ɗaya ya ce, "Sa nasa kawai, ai duk ɗaya ne." Da aka zo buɗe shafin da za a ɗora waƙar, wayar da ke da caji da ita aka buɗe, lambar sirri tana kan mai wayar, asusun bankin da aka haɗa ma nasa ne. A wannan minti biyar ɗin, cikin kara da kunya, aka yanke hukuncin da zai iya raba su bayan shekara uku, kuma babu wanda ya san an yanke.

Wani zai ce wannan duk tsoro ne, in abota ta gaskiya ce babu kuɗin da zai raba ta, waɗanda suka rabu dama can zukatansu ba ɗaya ba ne. Tarihi bai goyi bayan wannan ba. Paul Simon da Art Garfunkel, waɗanda salonsu na haɗa murya ya yi tasiri a kan su Peter One, tun suna yara 'yan makaranta a unguwar Queens ta birnin New York suke tare. Faifansu na farko na 1964 bai yi kasuwa ba, suka watse na ɗan lokaci, sai da wata waƙa daga cikinsa ta kai matsayi na ɗaya a farkon 1966 suka dawo. A 1970, suna kan ganiyar shahara, suka rabu. Simon ne ke rubuta kusan dukkan waƙoƙin, Garfunkel kuma ya fara tafiya wasan fim yana barin abokinsa da jira a situdiyo, kowa yana ganin an rage masa. In abota ta yi rauni a matsayin hujja, ga jini: Peter da Paul Okoye na P-Square tagwaye ne da suka tashi a Jos, suka fitar da faifansu na farko, Last Nite, a 2003, suka rabu a 2017, suka shirya a 2021, suka sake rabuwa a 2024, kuma su da bakinsu suka fito da saɓanin da ke tsakaninsu kan tafiyar da harka da dukiya. Harshe da haƙori ma sukan saɓa. Ba mugun hali ake buƙata kafin tarayya ta fashe ba, ya isa a ce aiki bai zo daidai ba, yabo bai zo daidai ba, kuma ba a taɓa zama an faɗi yadda za a yi in hakan ta faru ba.

Wani kuma zai juya maganar ya ce, to ashe abotar ma ba ta da amfani, a nemi ƙwararru biyu kawai a ɗaura musu yarjejeniya. Yana da abin kafa hujja. Kix Brooks da Ronnie Dunn ba abokai ba ne lokacin da Tim DuBois na kamfanin Arista ya haɗa su a Nashville a 1990. Faifansu na farko, Brand New Man, ya fito a 1991, waƙoƙi huɗu na farko da suka saki daga cikinsa duk suka kai matsayi na ɗaya a jerin waƙoƙin kantiri, suka yi kusan shekara ashirin tare kafin su dakata a 2010, suka kuma dawo a 2015. Sun fi amintattun abokai da yawa daɗewa, kuma wannan ya tabbatar da rabin maganata, cewa tsari ne ke tsawaita tafiya. Amma a duba abin da ke bayansu: kamfani mai jari, lauyoyi, masu lissafi, gidajen rediyo da ke jiran faifan. Saurayin Gaya ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Babu kamfanin da zai biya shi ya zauna wata shida yana gyara murya da wani baƙo. Wanda zai ba shi aron kuɗin mota, ya raba kwanon abinci da shi a Kano, ya gaya masa gaskiya cewa baitin nan bai yi ba ba tare da an yi faɗa ba, abokinsa ne. A wurinmu abota ita ce jarin, shi ya sa ya zama dole a kare ta da abin da su Brooks suka samu daga kamfani.

Ƙorafin da ya fi nauyi a zuciyar Bahaushe shi ne na kunya. Yaya zan dubi aminina in ce mu rubuta, ai kamar na ce ban yarda da shi ba ne? Amsar tana cikin abin da muka riga muka sani. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take, kuma da muminai take magana, mutanen da ake kyautata wa zato. Littattafan fiƙihun da ake karantawa a zaurukanmu, irin su Risala, sun yi bayanin tarayya a ciniki da sharuɗɗan raba riba. A aikace ma haka muke: wanda ya ba ɗan'uwansa tunkiya kiwo yakan faɗi yadda za a raba 'ya'yan tun ranar da ya miƙa igiya, a kasuwar shanu ta Wudil ran Juma'a ba a sallama ciniki sai a gaban dillali da shaidu ko da masu cinikin sun shekara ashirin da sanin juna, masu adashi kuma suna da uwar adashi da littafinta. Babu wanda ya ɗauki waɗannan a matsayin zargi. Waƙa ce kaɗai muke ɗauka wasa har sai ta kawo kuɗi, sannan mu tuna sana'a ce. Wannan bai tsaya ga masu waƙar soyayya ba, sha'irai masu bege da masu waƙoƙin faɗakarwa da ke aiki bibbiyu duk abu ɗaya ke jiransu. Maganar da ake jin nauyin yi yau a cikin raha, ita ce za a yi gobe a gaban mai unguwa cikin ɓacin rai.

Abubuwan da za a daidaita kuwa ba su da yawa, takarda ɗaya ta ishe su. Na farko suna: da wane suna za a san su, kuma in an rabu wa zai ci gaba da amfani da shi, ko kuwa za a ajiye shi gaba ɗaya. Na biyu mallakar waƙa: wa ya tsara baiti, wa ya kawo karin, ko kuwa sun yarda duk abin da ya fito na su biyu ne ko da wa ya kawo. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta bambanta haƙƙin wanda ya ƙirƙiri waƙa da haƙƙin da ke kan sautin da aka naɗa, don haka mai situdiyo ma yana cikin lissafi, gara a san matsayinsa tun a ranar. Na uku shafi da asusu: lambar sirri ta kasance a hannun su biyu, kuɗin da ya shigo kowa ya ga adadinsa. Na huɗu shi ne wanda ya fi dacewa da ƙasarmu, wato kyauta. In ɗan siyasa ko attajiri ya ba ɗaya babur ko mota saboda waƙar da suka yi tare, a sayar a raba ne, ko mai riƙewa ya biya ɗan'uwansa rabin kima? Gari irin Gaya, mai masarauta da ta haɗa Ajingi da Albasu, wanda ya fitar da gwamna kuma sanata irin Kabiru Ibrahim Gaya, ba ya rabuwa da taron sarauta da na siyasa, saboda haka tsohuwar hanyar kyauta ba za ta ɓace ba, za ta ci gaba da tafiya gefe da gefe da sabuwar. Na biyar, ko ɗaya yana da izinin yin waƙa shi kaɗai ko da wani, da yadda zai sanar. A sa hannu a gaban dattijo ɗaya daga kowane gida.

Akwai mai cewa tsarin iyayenmu ya fi, domin ƙungiyar uban kiɗi takan shekara arba'in ba ta watse ba, wannan na bibbiyu kuwa kwaikwayon baƙi ne. Gaskiya ne tsohon tsarin yana da ƙarko, kuma shi ya ba mu mafi girman abin da muke taƙama da shi a waƙa. Ba kira nake a rushe shi ba. Amma ƙarkon nasa wani ne ya biya kuɗinsa: ɗan amshin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a bayan wani, ranar da maigida ya kwanta dama ya wayi gari ba suna ba waƙar da zai ce tasa ce. Saurayin yau da ya san yana da rabin basirar ba zai yarda da wannan ba, in kuma ba a ba shi hanyar zama abokin tarayya ba sai ya ɓalle ya yi ta shi kaɗai, a samu mawaƙa biyu masu rauni a maimakon ƙungiya ɗaya mai ƙarfi. Zancen baƙunta kuma bai da tushe sosai. Banjo, ɗaya daga kayan kiɗan da kantiri ya ginu a kansu, asalinsa kayan kiɗan ƙwarya da tsirkiya ne da bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma suka ƙera irinsu a can, dangin gurmi ne na nesa. Abin da kantiri ke magana a kai, gona da damina da barin gida neman kuɗi da kewar wanda aka bari, shi ne abin da ɗan ci-ranin Ajingi ke ji a Legas. Abin koyi daga samarin Abijan shi ne sun ɗauki tsarin murya biyu suka zuba masa harshensu da damuwarsu, ba su ari bakin wani ba.

Saboda haka rashin fitattun mawaƙa bibbiyu a tarihinmu ba shaida ba ce cewa Bahaushe bai iya tarayya ba. Shaida ce cewa an daɗe ana biyan mawaƙi da abin da ba ya rabuwa. Yau wani kaso na abin da waƙa ke kawowa ya zama lissafi, kuma kayan naɗar sauti sun yi arha har samarin ƙauye suna iya kaiwa gare su da kuɗin amfanin gona. Abin da ya rage aiki ne na hankali, kuma lokacinsa shi ne kafin waƙar farko ta fita, sa'ad da babu wanda ya san muryar wa jama'a za su fi so. A lokacin ne kowa zai yarda da rabo na adalci, domin bai san ko shi ne zai zama na baya ba. Masu situdiyo a Kano da Wudil da Gaya za su iya taimakawa da abu mai sauƙi: duk sa'ad da mutum biyu suka shigo tare, kafin a tambaye su kuɗin kiɗa, a tambaye su ko sun gama magana a tsakaninsu.